Albasar Gefen Gona

Taubashi Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gida, yaya ƙafar Inna? Akuyar nan ta daina korarka?

Jiya a nan garin Samnu na Libiya na tone albasar gefen gona tas, ina jiran yabo. Tsohon da nake wa aiki ya ɓata rai. Wai yana yaro a Tarabulus maƙwabcinsu Bayahude ya koya masa cewa Attaura ta ce a bar wa baƙo da talaka gefen gona. Na ce, "Hajji, addini ka sauya?" Bai yi dariya ba. Ya ɗora mini buhun a ka, ya ce, "Kai ne baƙon."

Ga albasa cike da ɗaki, ba wanda zan tsokana mu ci tare.

Inna ta sa ni a addu'a. Gaida kowa.

Naka,
Ilu