Na sayar da motata, na bar iyalina suna zaton ƙwace ta aka yi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manya da yara. Don Allah a sakaya sunana. Ni dattijo ne, na haura sittin da biyar, karatuna bai wuce allo da firamare ba, in kun ga kuskure a rubutuna ku yi haƙuri. Roƙona ɗaya, ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi zafi.

Ni direba ne a Kaura Namoda. Shekara ashirin da shida ina jan mota ɗaya, Fijo doguwa mai kujeru layi uku, daga Kaura zuwa Shinkafi, wani lokaci Zurmi. Lokacin da zan saye ta kuɗina ba su kai ba, mai ɗakina ta sayar da saniyar da ta gada wurin mahaifinta ta cika mini. A tasha Hajiya ake ce wa motar, wai don ba ta gaggawa kuma ba ta kwana a hanya. A cikinta na kai mahaifiyata asibiti, a cikinta na dawo da gawarta. Kan giyarta da ya fashe, da hannuna na sassaƙa wani na icen kirya na sa mata. Babban ɗana, bari in kira shi Sani, a cinyata ya fara riƙe sitiyarinta, na kuma yi masa alkawari gaban uwarsa cewa ranar da na gaji tasa ce. Yana da mata da 'ya'ya uku, yana kabu-kabu da babur yana jiran ranar.

To sai idona ya fara yin hazo. Ban gaya wa kowa ba. Ni da ake cewa ina hango rami tun daga mil guda, in buɗe baki in ce ba na gani? In zauna a benci 'yan kamasho suna ce mini sannu Baba? Na ci gaba da tuƙi da sabo, don na san kowane lanƙwasa na hanyar kamar tsakar gidana. Ran nan, ranar kasuwar Shinkafi, da hantsi, wajen Katuru, wata mata na tafe gefen titi da ƙwaryar nono a ka. Wallahi ban gan ta ba sai da fasinjan gaba ya yi salati. Na murɗe sitiyari, ta yi tsalle ta faɗa ciyawa, ƙwaryar ta fashe, nono ya wanke mini gilashi. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na ce wa fasinjoji sitiyari ne ya ƙwace.

A ranar na sayar da ita. Akwai wani Bafulatani mutumin wajen Dauran da ya daɗe yana taya ta, ɓarayin daji sun kore masa garke, ya sayar da 'yan ragowar yana neman abin da zai ci da iyali. Na ja shi bayan kasuwa muka gama, ba shaida, ba rubutu, don ba na son kowa ya sani. Na ce takardu suna cikin aljihun mota, ya sake mata fenti, kar ya kawo ta Kaura. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Da ya tayar da ita ya ja, na juya baya kamar wanda ya bar ɗiyarsa a gidan da bai sani ba. Me ya hana ni kawo wa Sani makulli? Girman kai. In na ba shi sai an tambayi dalili.

Na iso gida da la'asar a kan babur ɗin haya. Mai ɗakina na tankaɗe, ta dube ni ta dubi ƙofa, ta ce, "Malam, ina Hajiya?" Ta ajiye rariya ta ce, "Ba dai mutanen daji ba?"

Kai kawai na ɗaga. Ita ta miƙo mini ƙaryar, ni kuma na karɓa hannu biyu. A wajenmu wa zai yi shakkar irin wannan labari? Kafin magariba gida ya cika da 'yan jaje, kowa na cewa barka da arziki tunda an bar ni da rai. Dole na yi wa ƙaryar ƙafafu, na ce ina dawowa ni kaɗai suka tare ni, na faɗi wuri, na faɗi yawansu. Sani ya rungume ni yana kuka, ya ce mota ba komai ba ce. Kuɗin suna nan ƙarƙashin dawa a rumbu, ban iya taɓa su ba. Tun ranar, duk asuba in mai ɗakina ta idar da salla sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya raba mu da motar nan, Allah ya tona asirinsa. Ina daga ɗaki ina ji. Wani lokaci ta ce, "Malam, ba ka ce amin ba." Sai in ce amin.

Abin da ya fi ci mini rai, bayan wata shida mai ɗakina ta ga ina zuba shayi a gefen kofi, ta ce idona ne, mu tafi asibiti. Shi ke nan fa. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya raina ni. Sani ya kai ni Gusau, likita ya ce yanar ido ce, aka cire. Yau ina zura zare a allura. Ashe abin da na rushe gidana a kansa aikin wuni ɗaya ne. Har yanzu in na ji kukan injin Fijo sai na miƙe tsaye, hannuna na dama yana laluben kan giya.

Shekaranjiya Sani ya shigo ko sallama bai gama ba. Ashe ranar kasuwar da ta wuce ya kai fasinja garin Kasuwar Daji ya ga motar ana loda mata buhunan gero. An mayar da ita shuɗiya, amma ya leƙa ya ga kan giyar icen kirya. Ya ce, "Baba, ita ce, ko cikin duhu na san ta. Kuma na ga wanda ke jan ta." Ya bi sawu ya gano mutumin yana zuwa duk ranar kasuwa. Ya riga ya yi magana da masu sintirin unguwarmu, za su tare shi kasuwa mai zuwa. Na ce ya bari, abin da ya wuce ya wuce. Ya dube ni ya ce, "Tsoro kake ji, Baba? To ni ba na ji. Waɗanda sunka ɗora maka bindiga ba za su ci bulus ba." Uwarsa kuwa har da guɗa, ta ce Allah ya amsa mata.

Ku da ke wannan yanki kun san abin da ke samun Bafulatanin da aka ce an kama shi da motar da aka ƙwace. Wa zai tsaya ya saurare shi? Ba shi da shaida, ni na hana. Takardun sunana ne a kansu. Bakina kaɗai ne tsakaninsa da abin da ba na son in faɗa, mutumin da bai yi mini komai ba sai ciniki na halal, mai 'ya'ya kamar nawa.

Na san ba zan bari a taɓa shi ba, in na yi shiru da wane ido zan tsaya gaban Allah? Amma ta ina zan fara? In zaunar da matar da ta ba ni saniyar ubanta, in ce mata shekara ɗaya da rabi ni take yi wa Allah ya isa, ni kuma ina amsawa? In ce wa Sani ba ɓarawo ne ya cinye masa alkawari ba, ubansa ne? Wa zan fara gaya wa, ita ko shi, ko in nemi dattijo ya shiga tsakani? Jiya na shiga rumbu na fito da kuɗin, na zauna da su a cinya, na kasa kiran mai ɗakina. Kasuwa saura kwana uku.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?