Hindatu da Soson Wanka

Daren Talata, Ikara.

Yau Jummai, ƙanwar maigidana, ta zo koya mini ɗaukar hoton yara. Ita da ko sunanta sai da gumi take rubutawa! Ta ɗauki hoton Hindatu, ta latsa wani abu a wayarta, sai ga 'yata fara fat kamar an tsoma ta a garin rogo.

"Kin gani, Yaya? Yanzu ta yi kyau."

Da la'asar na tarar da Hindatu tana dirje kumatunta da soso. Shekararta shida!

Na ja ta inuwar mangwaro, na durƙusa daidai tsayinta, na ba ta dariya, na ɗauke ta hoto. Ta fito baƙa mai sheƙi, ga giɓinta. Soson kuwa na ajiye wa Jummai, ta zo ta dirje idonta.