Ciyayya a Zaurena

Litinin, 6 ga Yuli, 1959, Dutsin-Ma
Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin matata Azumi, yau gida ya watse. 'Yarmu Rekiya ta koma ɗakinta a Kurfi tana kuka. Lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci Azumi dariya take mini, wai gemai-gemai da ni ina koyon baƙi. Ga shi yau takardar ce kaɗai abokiyar hirata.

Alhamis, 9 ga Yuli
Magariba ce ba na so. Ina jiyo abokaina a ƙofar gidan Malam Hudu, kowa ya fito da kwanon gidansa an haɗa ana ci, yadda muka saba tun muna sabon aure. Ciyayya ai kowa da nasa yake zuwa. Ni wa zai tuƙa mini? Ba zan je hannu rabbana in cinye na mutane ba. Na dama fura na sha.

Lahadi, 12 ga Yuli
Hudu ya aiko da tuwo. Na mayar masa da abinsa.

Laraba, 15 ga Yuli
Ban je gona ba, ban leƙa kasuwa ba. Salla ma a ɗaki nake yi. Ɗazu na tsinci kaina a bakin murhu ina tambayarta inda ta ajiye daddawa, har na tsaya ina jiran amsa. Na tsorata ƙwarai. In aka ci gaba a haka, kewar matar nan za ta taɓa mini kai.

Asabar, 18 ga Yuli
Yau na ga ƙarfin hali. Ana idar da magariba sai na ji ana shimfiɗa tabarma a zaurena. Hudu ne da Ɗanjuma mahauci da Sodangi, da kwanoninsu. Hudu ya ɗaga murya don in ji, wai zaurensa yoyo yake. Zauren da aka yi wa yaɓe da bazarar nan ina tsaye! Ba wanda ya kira ni, ni ma ban fita ba.

Talata, 21 ga Yuli
Kullum sai sun zo. Yau Sodangi ya ɗauko labarin farautarmu ta dajin Karofi, wai shi ya kashe gyado. Ban san sa'ad da na kwaɗa daga tsakar gida ba: "Ƙarya kake, kana bisa marke kana salati!" Sai suka fashe da dariya. Na ji Ɗanjuma na cewa, "Ashe mai gidan na da rai." Kunya ta kama ni. Yunwa ma, wadda na kwana biyu ban ji ba.

Juma'a, 24 ga Yuli
Na tuƙa tuwo da kaina, tunda ba zan fita ba kwano ba. Hayaƙi ya cika mini ido, gudaji ya fi tuwon yawa, miyar kuka kuwa tsululu. Na ɗauka na fita na dire a tsakiya. Hudu ya kai loma, ya daɗe yana taunawa, ya ce, "Malam Tukur, wanga tuwo ne ko tubali?" Amma tas suka cinye. Muna wanke hannu Sodangi ya ce a hankali, "Miyar Azumi kau, ba mu ƙara samun irinta. Kwanonku muke fara buɗewa. Allah shi jiƙan ta." Duk suka ce amin. Ban taɓa kawo wa raina cewa su ma sun yi rashi ba. Na yi kuka a gaban maza, ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya tashi.

Litinin, 27 ga Yuli
Na je gona, gero bai mutu ba. Da yamma hadari ya haɗu, suka makara. Na yi ta leƙa ƙofa, amma sama nake dubawa, ba wani abu ba. Na dai ƙara gari a tukunya, don Sodangi ba ya ƙoshi.