Raƙumin Ƙarfe a Cikin Laya

Malam, don Allah ka ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni mutumin Mayahi ne. Na biyo ayarin ƙirgi da gashin jimina zuwa Gadamus, can ƙetaren hamada, ina saurayi, yau ga furfura, ƙafafu kuma sun ƙi hanyar gida. Wana Jaji, Allah ya jiƙan shi, mai ƙago labarai ne, ba irin tatsuniyar tsofaffi ba. Akwai raƙumin ƙarfe da ba ya shan ruwa. Akwai gari a cikin wata, inda gero ke nuna ba damina. Akwai masu zama ƙarƙashin yashin Gulbin Kaba, suna jin takun shanunmu suna cewa tsawa ce.

Da na ji rasuwarshi, na zauna na rubuta su kaf da ajami. Na sa a gafaka, na ba wani madugu mai zuwa Tasawa, kusa da garinmu, ya kai wa ƙanwata Habsatu.

Bana ayari ya dawo mini da godiyarta. Ashe da suka ga rubutu a gafaka, da bisimilla a kai, sai suka ɗauka addu'a ce. Lokacin ana cutar agana, ta kama yaran gidan. Aka yanyanka takardun, aka ɗinka layu, aka rataya wa yara, wasu takardun aka wanke aka sha. Yaran sun tashi, ban da ƙaramin jikanta. Wai in ƙaro mata.

Ban ce ta yi mugunta ba. Ba ta karatu, ga tsoro. Amma ni a wurina Jaji ya sake mutuwa. Kaina kuma ya fara zuba, jiya na nemi ƙarshen labarin watan nan na rasa. In faɗa mata gaskiya in karya mata zuciya, ko in yi shiru?

Baƙon Gadamus

Baƙon Gadamus, Allah ya jiƙan Jaji da yaron.

Ɓacin ranka yana da dalili. Sai dai ka sani, gafaka a wurinmu mazaunin littafin addini ce, kai kuma ba ka haɗa da saƙon baki ba. Habsatu ta girmama abin da ka aiko iyakar saninta.

Shiru kam ba zai yiwu ba, don in cuta ta dawo, da raƙumin ƙarfe za ta jingina. Ka sami dattijo a ayari mai zuwa, ya faɗa mata ita kaɗai, a hankali: Allah ne ya tashi yaran, kuma ba rubutun ne ya kashe wanda ya rasu ba.

Abin da aka sha ya tafi, ka haƙura. Na cikin layu yana nan, fata ta riƙe shi fiye da kanka. A farke su, mai karatu ya jera guntayen ya karanta a tsakar gida. Tsofaffin da suka ji daga bakin Jaji za su cike inda ya yanke. Ka roƙi Habsatu ta aiko maka da ƙarshen labarin watan. Wataƙila ita ba ta manta ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa saƙon ya iske ka da rai.