A Buɗe Mana Ɗakin Kwamfutocin Zane

Zuwa ga Shugaban Jami'armu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne malamin da ke koyar da zane da kwamfuta. Na rubuta wa shugaban sashe, na rubuta wa na tsangaya, shiru. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Damina uku ke nan da aka kulle ɗakin kwamfutocinmu, wai za a gyara rufi. An gama gyaran tuni, sai aka mai da ɗakin sito. Kwamfutocin na can ƙurya, an lulluɓe su da leda.

Na biyu. Wannan darasi ba na hadda ba ne. A ɗakin nan ɗalibi yake gani da idonsa yadda ɗigo-ɗigo ke haɗuwa su zama layi, yadda haske ke sauka kan abu ya yi inuwa, yadda tarin lambobi ke zama hoton da kowa zai gane. A shekaruna na farko a nan na koyar da wata Ladi, 'yar wani manomi a Mpape. Ta auna gangaren unguwarsu, ta gina tudun a kwamfuta, ta nuna hanyar da ruwan sama ke bi. Ranar gabatar da aiki mahaifinta ya zo. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar ya ce ga ɗakinsa nan, ga kuma inda ruwa ke cin katangarsa. Ya koma gida ya haƙa kwata daidai wurin. Wallahi ina kewar irin wannan rana, har da ihun ɗalibi idan hotonsa ya fito.

Na uku. Yanzu akwati nake zanawa a allo, in riƙa juya hannu a iska, in ce wa ɗalibai su ɗauka yana juyawa. Kwamfutata ɗaya tal nake ɗaukowa daga gidana a Lugbe, tsohuwa ce, aiki mai nauyi ya fi ƙarfinta. Makon jiya Nasiru, ɗan ajin ƙarshe, ya biyo ni bayan lacca da takardarsa. Da biro ya rubuta umarnin kwamfuta da zai fitar da hoton tulu, na ba shi maki mai kyau. A hankali ya tambaye ni ko da gaske tulun zai fito. Na ce in sha Allahu. Ni ma ban gani ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: a buɗe ɗakin, a turo mai gyara ya duba na'urorin, ko biyar suka tashi za mu lallaɓa. A yi kafin ajin su Nasiru ya fita. Takardarsa tana jakata, na yi masa alkawarin za mu gwada tare.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Malam Sabi'u,
Lugbe, Abuja