Wanda Ya Danna "Da Sauƙi"

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da 'yan shagonki masu surutun nan. Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe min da shi ƙwarai.

Na san za ki yi dariya ki ce Auta ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta wasiƙa. To ai laifinki ne. Duk sanda na kira, kekunan ɗinki ne ke amsa min, ke kina can kina faɗa da mai kawo zare. Direban da ke kai miki yadi ya ce zai riƙa miƙa miki.

Kin ce har yau ba ki gane aikina ba. Kamfanin da ya ba ni kwangila yana da ma'aikata wajen ɗari biyu, kowa na aiki daga gidansa, yawanci masu amsa wayar kwastomomi. Ni kuma in koya wa manajojinsu, su goma sha biyu, yadda za su kula da mutanen da ba su taɓa gani ido da ido ba. Daga ɗakina nake koyarwar: tebur ɗaya, kujera ɗaya, taga tana kallon bangon maƙwabta. Duk Alhamis su fito min a kwamfuta cikin 'yan akwatuna, rabinsu sun kashe kyamara, ni ina ta zuba kamar rediyo.

Amma fa ƙanwarki ta yi rawar gani. Wata uku ke nan da na ƙirƙiro wani ɗan fom da ke zuwa wa kowane ma'aikaci duk safiyar Litinin, yana tambayarsa yaya yake. Amsa uku ce: kore "Lafiya lau", rawaya "Da sauƙi", ja "Ina cikin matsala". A littafin horon na rubuta cewa manaja ya kira wanda ya danna ja kawai, sauran ya bar su su yi aikinsu. Shugaban kamfanin ya yaba sosai, har ya ce saboda fom ɗin zai sabunta min kwangila ƙarshen wata mai zuwa.

Ni dai ga ni nan. Jiya na lura kwana huɗu ban yi magana da mutum a tsaye ba, sai mai shagon ƙasa, shi ma canji kawai ya miƙo min. Kada ki gaya wa Baba.

Ki huta lafiya.
Taki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. Na ga saƙonki a bakin direba, wai in riƙa fita shan iska. Na ji. In fita in je wurin wa?

Yaya, na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Cikin manajojina akwai wata da muke kira Gaggawa, don kafin ki rufe baki ta gama abin da kika ce. Ita ce ta fi kowa bin littafina. Shekaranjiya ta neme ni, wai in taya ta tsara takardar sallamar wani ma'aikacinta. Abokan aikinsa Mai Haƙuri suke ce masa, saboda ko zaginsa kwastoma ya yi, haƙuri yake ba shi. Shekara shida yana aiki ba a taɓa kuka da shi ba, amma yanzu kira yana wuce shi, in ya ɗauka ma hayaniya ce a bayansa. Gaggawa ta ce ta duba, bai taɓa danna ja ba, saboda haka sakaci ne kawai.

Na buɗe fom ɗinsa. Mako goma sha ɗaya a jere: da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi.

Kin tuna Inna a gadon asibiti? Ranar da ta rasu, da safe, kin tambaye ta jiki, ko ɗaga kai ba ta iya yi, ta ce miki da sauƙi. Mu da muka tashi da kalmar nan a baki, mun san mai lafiya ba ya faɗin ta. Kuma wane magidanci ne zai danna wa shugabarsa "Ina cikin matsala"? Ni da na san duk wannan, ni na zauna na rubuta cewa kada a kira shi. Ina hankalina ya tafi?

Ba hurumina ba ne, amma na nemi lambarsa na kira. Da ƙyar na ja shi da hira kafin ya faɗa. Matarsa ce ke kwance, ciwon ƙoda, wata uku ke nan. Ba su da kowa a garin. A kan matakalar asibiti yake zama da kwamfutarsa a cinya yana amsa kira, in nas ta leƙo ya tashi da gudu. Ya ce ya zaci an gani an yi shiru ne, shi ya sa bai ƙara magana ba. Har haƙuri ya ba ni don na ɓata katina.

Na roƙi Gaggawa ta dakata. Ta ce ita umarni ta bi, kuma gaskiyarta ne. Shugaba ya riga ya ga sunan, ba zai janye ba sai an nuna masa inda kuskuren yake. Kuskuren kuwa fom ɗina ne, wanda kwangilata ta rataya a kansa. In na yi shiru, ranar Juma'a za a sallami bawan Allah nan, matarsa na kwance. In na yi magana, kin san sauran.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ke da mutanen gida, kuma Baba yana samun ƙarfin ƙafar. Ki yafe min shirun mako biyu.

Na faɗa. Ranar Alhamis, a gaban manajojin duka da Shugaba, na sa fom ɗin Mai Haƙuri a allo, na ce laifin nawa ne, ba nasa ba, ba na Gaggawa ba. Na ce duk wanda ya ga "da sauƙi" ya ajiye abin da yake yi ya ɗauki waya. Na gama. Akwatuna baƙaƙe suna kallona, ban san ko suna ji ba ko sun tafi dafa shayi. Can sai wani dattijo cikinsu ya kunna kyamararsa, karo na farko da na ga fuskarsa, ya ce shi ma yana da mutum huɗu masu danna rawaya tun farkon fom ɗin, bari ya je ya kira su.

An yaga takardar sallamar, an ba Mai Haƙuri hutun wata guda. Ni kuma Shugaba ya turo min saƙo mai layi biyu, ya gode, ya ce za su sake duba tsarin horon da wani daban. Na karanta, na rufe kwamfuta, na wanke kofina.

Hutun bai yi masa amfanin da na so ba. Matar ta rasu ranar Litinin ɗin da ta biyo baya. Gaggawa ce ta kira ni tana kuka, ta ce ita tana wani gari mai nisa, ba za ta iya zuwa ba. Da ta turo min adireshin sai na yi tsaye da waya a hannu. Yaya, layi uku ne tsakanin gidansa da ɗakina. Ta ƙofarsa nake wucewa in zan sayo katin waya.

Na je. Ban san fuskarsa ba, sai da na tambaya aka nuna min wani siriri a bakin ƙofa, da rigar da ta yi masa yawa. Na ce masa ni ce mai fom. Ya yi ta godiya har na ji kunya. Abu ɗaya ya roƙe ni, in sa baki a rage masa hutun, wai gidan ya yi masa shiru, gara ya koma ko zagin kwastomomi ya riƙa ji. Ban ba shi baki ba, don na gane abin da yake nufi.

Matan maƙwabta suka ja ni ciki. Wata tsohuwa ta matsa min a tabarma, ta miƙo min ruwa, ta tambaye ni 'yar wace ce ni. Na zauna har la'asar ban san kowa ba, kuma ban so tashi ba. Shekara biyu ke nan ina garin nan, Yaya, kuma gidan makokin nan shi ne gida na farko da na shiga aka ce min in zauna.

Ƙarshen wata zan kwashe kayana. Ki gaya wa Baba ina tafe, sauran bayani ni zan yi masa da bakina.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki mai kewarki,
Auta