Wace Karafan Zan Ja Zuwa Fayyum da Waɗannan Hannuwa?

Malama Nana Fatima, assalamu alaikum. Ki taimake ni don Allah, ki kuma yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Sati uku ke nan ina juya magana guda a raina, ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa na ce bari in rubuto miki, ko ba komai ke ba ki san fuskata ba.

Ni tsoho ne, shekarata saba'in da shida. Karatu ya kawo ni Alƙahira ina saurayi, da niyyar in yi shekara huɗu in koma gida, ga shi yau an haura hamsin. Aikin gyaran rubutu na yi a wata maɗaba'a har idanu suka ce sun ƙoshi. Matata Lailatu ta rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Ina zaune ni kaɗai a unguwar Hadayek el-Maadi, hawa na huɗu, babu na'urar hawa bene sai matakala. Idan na sauko sayen gurasa sai na huta sau biyu kafin in kai ƙofata.

A cikin mu tara da muka zo tare, ni da Tanimu kaɗai muka rage. Bazazzage ne, ni Bakano, kin san abin da ke tsakani. Shekara hamsin yana ce mini bawansa, ina ce masa mai bakin tsiya, ba mu taɓa yin fushin kwana ba. Yanzu yana kwance a Giza wurin 'yarsa, zuciya ta yi rauni, ƙafafu sun kumbura, ba ya iya zama a kujera fiye da rabin awa sai ya kwanta. Da na je duba shi watan jiya, ya ce mini shi ba ya tsoron tafiya, abin da ke damunsa kawai shi ne zai mutu yana kallon bangon maƙwabci da igiyar shanya. Ya ce yana so ya ga gona, ya ga inda sama ta haɗu da ƙasa, ya shaƙi ƙanshin ƙasa mai laima ko da sau ɗaya ne. Sai ya ƙara da cewa ya san Bakano ba zai iya ba, tunda babu riba a ciki. Na yi dariya. Na kuma yi masa alkawari.

Fayyum na nufa, yankin gonaki ne, inda muke zuwa da can muna ɗalibai. Ba ta da nisa, amma mutumin da ba ya iya zama yana bukatar wurin kwanciya, kuma masaukan da na sani duk da matakala. Nan ne na tuna da abin da Misirawa ke kira karafan, irin ƙaramar nan mai naɗewa. Akwati ce mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya. In an isa sai a murɗa wani ƙarfe, rufin ya ɗaga, gadaje biyu su fito ta gefe, tamfol ya miƙe, ta zama ɗaki. Kuɗin ba shi ne damuwata ba, tunda ba ni da wani abin da nake tara wa.

Na je wurin wani mai sayar da su a bayan Giza. A mikrobas na je, ƙaramar bas ɗin haya, domin gaskiya na kwana biyu ban hau babban titin nan da ya kewaye gari da motata ba, manyan motoci na razana ni. Ya nuna mini guda biyu. Ɗaya mara nauyi ce, ya ce ba ta kai kilo ɗari biyar ba, 'yar motata mai shekara ashirin da biyu za ta iya janta in ba a cika mata kaya ba. Amma da hannu ake ɗaga rufinta, gadon kuma yana da tudu, sai an ɗan hau. Ɗayar ta fi girma, maɓalli ake dannawa rufin ya tashi da kansa, ƙofarta ƙasa-ƙasa, har da ɗan wurin alwala. Ita ce daidai da Tanimu. Amma mutumin da ya ji irin motata sai ya girgiza kai, ya ce ko daga filin nan ba za ta fitar da ita ba.

Na ce to bari in gwada ƙaramar. Ya ce murɗawa arba'in ake yi. Malama, na yi goma sha ɗaya. A ta goma sha biyu kafaɗata ta mutu, rufin ya tsaya a karkace kamar hular mashayi. Sai na zaro waya na kara a kunne kamar an kira ni, alhali ba wanda ya kira. Mutumin ya gane. Ya kawo mini kujera da shayi, ya ce ma'alish ya Hajji, wato ba komai Alhaji, wannan aikin matasa ne, ba ka da ɗa ne? Na ce masa ina da shi amma yana ƙasar waje.

Ƙarya na yi, kuma ita ce ta hana ni sukuni. Yaron yana nan unguwar Dokki, ba nisa, can yake aiki, can gidansa yake. Yana da babbar mota wadda za ta ja waccan karafan ɗin ba tare da ta san tana jan wani abu ba.

Ɗan farina ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Haka mahaifina ya yi wa yayana, ba mu taɓa ganin abin a matsayin ƙiyayya ba. Ni ma haka na yi. Uwarsa tun yana jariri ta ajiye wannan al'ada, ta ce ita ba za ta iya ba a ƙasar da ba ta da kowa. Ni na riƙe. Ranar da ya zo na ɗaya a makaranta aka tara iyaye, iyayen Misirawa suna rungumar 'ya'yansu suna sumbatar goshinsu, ni ina can baya, ana gama kiran sunansa na fice, don kada a ga abin da ke idona. Ƙanwarsa Husaina kuwa a wuyana ta girma. Tana aure a Kaduna yanzu. Shekararsa arba'in da huɗu, ban taɓa ce masa komai ba sai kai, ko in ce yaron nan. Ko a takardar nan kin ga na kasa rubuta sunan.

Ba zan ce ya saɓa mini ba. Magani yana zuwa a kan lokaci. Duk Juma'a yana kira, ya tambayi jiki, in ce da sauƙi, ya ce akwai abin da ake bukata, in ce babu, shi ke nan. Da uwarsa na raye ita ce ke kai maganata wurinsa ta kawo tasa. Da sallar da ta wuce matarsa Dalia, Bamisiriya ce, yarinya mai kirki, ta same ni ni kaɗai a falo ta ce Ammu, wato Baffa, ka yafe mini, amma ɗanka ya taɓa ce mini har yau bai san laifin da ya yi maka ba. Sai kawai na ce ta ƙaro mini shayi.

To yanzu da wane baki zan roƙe shi? Mutumin da bai taɓa neman komai ba, ranar farko da zai buɗe baki sai ya zama mota yake so da direba? Zai ce dama sai da bukata ta taso. Kuma da gaskiyarsa.

Lokaci na tafiya. Nan da 'yan makonni iskar zafi mai ƙura za ta fara, Tanimu ba zai iya fita ba, ban kuma san ko zai ga wani sanyin ba. Jiya ya sa 'yarsa ta kira ni don kawai ya tambaya ko Bakano ya gama lissafin ribarsa. Ki gaya mini, akwai mara nauyi wadda ba sai an murɗa ba? In sayi ƙaramar in riƙa hutawa tsakanin murɗawa? Ko in je in ce wa abokina ya yafe mini alkawarin? Na gaji, Malama, ko wannan rubutun sau uku na ajiye alƙalami.

Naki,
Tsohon Ɗalibi, Hadayek el-Maadi

Amsa

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan Hajiya Lailatu, ya ba Malam Tanimu sauƙi. Kada ka janye alkawarin, mai yiwuwa ne. Amma ba ta hanyar da ka shirya ba.

Bari mu fara da ƙarfen. Nauyin da mai sayarwa ya faɗa maka na karafan ce babu komai a ciki. Ka ɗora ruwa, tukunyar gas, barguna, abinci, da keken guragu in za a tafi da shi, za ka ga mara nauyin ma ta yi wa motarka yawa. Littafin motar ko bakanike mai gaskiya shi zai faɗi iyakar abin da za ta ja, kuma jan kaya ba shi ne wahala ba, tsayar da shi ne. Akwai ƙanana da ake sa wa injin ɗaga rufi mai aiki da batir, ka tambaya. Sai dai ko an sa, akwai ɗaurawa a mota, da kafa ƙafafunta, da jawo gadaje, duk aikin kafaɗa ne. Ga tudun gado ga mai kumburin ƙafa. Sannan ka sani ba a kwanciya a cikinta ana tafiya, a naɗe take. A hanya Malam Tanimu yana bukatar kujerar mota mai kwantawa. Ka kuma tambayi ofishin kula da motoci takardun da ake nema, ka nemi izinin likitansa kafin komai. Ni da ni ce, ba zan saya ba. Haya zan nema ta kwana biyu, babbar nan mai ƙofa ƙasa-ƙasa.

Abu guda zan faɗa kai tsaye, ka yi mini afuwa. Wanda ya hau mikrobas don gudun babban titi bai kamata ya ja tirela a kansa ba, da mara lafiya a gefensa. Dole wani ya tuƙa. Za ka iya ɗaukar direba, wannan ma hanya ce, kuma in ta ɗanka ta rufe ka bi ta. Amma ba don direba ka ajiye alƙalami sau uku ba.

Ba na ganin laifinka a kan alkunya. Tarbiyya ce, kuma ka yi ta da ƙauna. Sai dai ka duba yadda take a gida. Ɗan farin da ubansa ke kau da kai yana da kaka mai goya shi, da baffa mai saya masa ƙosai, da gwaggo mai raɗa masa cewa ubanka kunyarka yake ji don kai ne babba. Duk unguwa ta san ma'anar shirun. Ɗanka ya tashi a bene a Alƙahira, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana kallon abokansa ana rungumarsu, yana kallon ƙanwarsa a wuyanka. Da me zai fassara? Shi ma ba laifinsa ba ne. Kuma mutumin da ya yanke ƙauna ba ya tambaya duk Juma'a ko akwai abin da ake bukata. Shekara uku yana miƙo hannu, kana cewa babu.

Kana tsoron ya ce sai da bukata ta taso. Mai yiwuwa ya ji haka na ɗan lokaci, kuma yana iya fitar da maganar da ta daɗe a cikinsa. In ya fitar, ka saurara har ya gama, kada ka kare kanka. Ka gaya masa yadda mahaifinka ya yi wa yayanka. Ka gaya masa dalilin da ya fitar da kai daga taron makaranta. Ina kyautata zaton shekara talatin yana ɗauke da wata fassarar daban.

Kada ka jira Juma'a, kada kuma ka bi ta hannun Dalia, ta riga ta yi nata. Kai za ka kira. In sunan ya maƙale a waya, ba komai, ka ce masa kana da aikin da ya fi ƙarfinka, kana so ya raka ka ya duba maka. Maza sun fi iya magana idan idanunsu na kan wani ƙarfe. Ku tsaya tare a filin nan, ya duba maɗauri da birki, kai kuma ka nuna shi ga mai sayarwa ka ce ga ɗana, ka faɗi sunansa da bakinka yana ji. Sau ɗaya ne mai wuya.

Daga nan ku sa rana kafin zafi ya shigo, ya tuƙa, kai ka zauna a baya kusa da abokinka ku yi ta faɗanku har Fayyum.

Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin zuciya, Baba, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa Malam Tanimu ya ga gonar da idonsa, ya kuma sanyaya tsakaninka da ɗanka tun kuna tare a duniya.

Nana Fatima